Kalmar Ingilishi "Ephemera": Asalinta, Ma'anarta, da Takardun da Ake Zubarwa da Sunanta



Wannan lacca a kan kalma ɗaya tak za ta tsaya, kalmar kuwa ba ta Hausa ba ce. Mai yiwuwa ne wani ya ce, me ya haɗa nazarin Hausa da kalmar Ingilishi? Amsar ita ce, kusan duk wanda ke zaune a wannan zaure mai fassara ne, ko ya sani ko bai sani ba. Ɗalibi da Ingilishi yake karatu, amma da Hausa yake tunani. Ma'aikaci da Ingilishi ake rubuto masa umurni, amma a tsakanin mutanen da ba su jin harshen yake aiwatar da shi. Idan kuwa kalma ta shigo a karkace, to duk aikin da aka ɗora a kanta karkacewa zai yi. Kalmar da aka zaɓo yau tana daga cikin waɗanda kuskuren fahimtarsu ba a baki yake tsayawa ba. Yakan kai ga kwandon shara, wani lokaci ma har ga ashana.

Kalmar tana da siga biyu. Akwai ephemeral, wadda sifa ce, akwai kuma ephemera, wadda suna ce. Haruffan p da h da suka haɗu a cikinta sautin f suke bayarwa, nauyin murya kuma a kan gaɓa ta biyu yake sauka, watau kamar a ce "ifemaral" da "ifemara". Ƙaramin ƙamus irin na aljihu zai ce ma'anarta abin da ba ya daɗewa. Wannan ba ƙarya ba ne, amma bai ƙosar ba, domin kuwa Ingilishi yana da kalmomi da dama masu nuna rashin daɗewa, kuma ba kowace ce take shiga gurbin 'yar'uwarta ba.

Asalin kalmar daga harshen Girkanci yake. Gutsure biyu aka haɗa: epi, mai ma'anar "a kan" ko "domin", da hemera, watau rana ko yini. Ke nan tushen ma'anar shi ne abin da aka yi domin yini ɗaya, ko wanda iyakarsa yini ɗaya. Ta shigo Ingilishi ne ta hanyar Latin ɗin likitoci a wajen ƙarshen ƙarni na 14, kuma a wancan lokaci sunan cuta ce: zazzaɓin da yakan kama mutum yau, gobe ya sake shi. Sifar ephemeral ta bayyana a ƙarni na 16, sai a ƙarni na 17 ne ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da kowane irin abu mai gajeren kwana, kamar suna, ko farin jini, ko mulki. Har yanzu ma likitocin dabbobi suna riƙe da tsohuwar ma'anar, domin da wannan kalma suke kiran wani zazzaɓin shanu da yakan kayar da saniya kwana uku ta miƙe.

Amma tun kafin likitocin Turai, akwai wani ƙwaro da ya riga kowa samun wannan suna, kuma labarinsa ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Aristotle, masanin nan na Girka wanda ya mutu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta a littafinsa na halayen dabbobi cewa akwai wata halitta mai fuka-fuki a wani kogi da ake kira Hypanis, can wajen Baƙin Teku, wadda takan fito da tsakiyar bazara, ta yi ta shawagi tun safe, ƙarfinta ya riƙa raguwa yayin da rana take sunkuyawa, da faɗuwar rana kuma ta mutu. Ya ce saboda haka ake ce da ita ephemeron. Masana ilmin halittu na zamani sun gaji wannan suna, suka laƙaba wa dangin ƙwarin baki ɗaya Ephemeroptera, watau masu fuka-fukin yini ɗaya, kuma an ƙirga ire-irensu fiye da 3,000. Bahaushe zai iya kwatanta su da shinge, wanda yakan cika gindin fitila bayan ruwan farko, kashegari a tarar da fuka-fukansa a zube, ko da yake shinge daga suri yake fitowa, waɗannan kuwa daga ruwa.

To, ga inda darasin yake. Aristotle abin da idonsa ko idon masu ba shi labari ya gani ya faɗa, amma bai ga duka ba. Bincike ya nuna cewa wannan ƙwaro yakan shafe watanni, wani iri ma shekara ɗaya ko biyu, yana rayuwa a ƙarƙashin ruwa cikin laka da duwatsu, kafin ya fito sarari. Abin da yake yini ɗaya shi ne fitowar tasa kawai, lokacin da ba ya ko cin abinci, ba shi da wani aiki sai barbara da zuba ƙwai. Daɗin daɗawa, danginsa suna cikin ƙwari masu fuka-fuki mafiya daɗewa a doron ƙasa. Ashe tun ranar da aka raɗa sunan, hukuncin mai kallo ne, ba cikakken bayanin abin da ake kallo ba. Wannan shi ne abin da ya kamata mai sauraro ya riƙe, domin zai sake bayyana a gaba.

Girkawa ba su tsaya a kan ƙwaro ba. Mawaƙansu na dā sukan kira 'yan Adam da wannan kalma idan suna gwada su da abin da suke ɗauka madawwami. Daga tushen nan kuma aka sami ephemeris, jadawalin da masu ilmin taurari suke rubuta matsayin rana da wata da taurari na kowace rana a cikinsa. A Girkancin yau kuwa, sunan jarida efimerida. Turawan Ingila ma sun hango wannan dangantaka. A 1751 Samuel Johnson, wanda daga baya ya wallafa shahararren ƙamus ɗin Ingilishi a 1755, ya kamanta ƙananan takardun da ake bugawa kullum a London da waɗannan ƙwari.

Yanzu sai a dubi yadda kalmar ta bambanta da maƙwabtanta, domin a nan ne ɗalibai da masu rubuta wasiƙun ofis suka fi tuntuɓe. Kalmar temporary tana nufin abin da aka ajiye kafin na dindindin ya zo. Hausa tana da madaidaicin gurbinta, watau na wucin gadi, a fagen mulki kuma riƙon ƙwarya. Gadar wucin gadi tana iya shekara 20 ana bi ta kanta, ba ta fita daga sunan wucin gadi ba, tun da dai jiran wata ake yi. Kalmar transient kuwa ga motsi take nuni, ga abin da ya zo wucewa, kamar baƙon da ya sauka a masauki ya kwana ya yi gaba. Bai ƙare ba, wuri ya sake. Ita ephemeral ba jiran kowa take nunawa ba, ba kuma tafiya ba. Abin da take siffantawa ya zo, ya yi abin da ya kawo shi, ya ƙare, kuma gajartar kwanan tana cikin halittarsa. Saboda haka ba a cewa an ɗauki ma'aikaci aikin ephemeral. Wanda ya rubuta haka a takardar ɗaukar aiki ya yi wa mutum fatan mutuwa da magariba. Amma ana iya faɗin haka a kan farin jinin ɗan siyasa, ko tashen mawaƙi.

A nan Hausa ba ta rasa abin cewa ba. Malamai sukan ce mai gushewa ko mai ƙarewa, musamman idan duniya ake siffantawa. Sai dai wannan ya yi wa kalmar nauyi, domin dutse ma mai gushewa ne a wannan ma'ana, alhali ba Baturen da zai kira dutse ephemeral. Abin da ya fi kusa a maganar yau da kullum shi ne wutar kara, wadda takan tashi bal-bal ta mutu nan take, sai kuma abin yayi idan ado ko salo ake nufi. A labarin ƙasa kuma, inda ake kiran wasu koguna da wannan sifa, ana nufin irin kwarin da ba ya ɗaukar ruwa sai an yi ruwan sama, bayan sa'o'i ko 'yan kwanaki ya koma rairayi. Ya bambanta da kogin da yake gudu duk damina ya ƙafe da rani, ɗalibin da ya haɗa su a jarrabawa kuwa ya yi asarar maki. Haka nan akwai tsirran hamada da iri nasu yakan kwanta shekaru cikin ƙasa, da an sami yayyafi su tsiro, su yi fure, su zubar da iri cikin 'yan makonni. Su ma labarinsu ɗaya da na ƙwaron Aristotle.

Sai kuma sunan, ephemera, wanda shi ne ya fi shafar ma'aikata. Ta fuskar nahawu, tilo ne da can, amma yau a matsayin jam'i ko tarin abu ake amfani da shi, ba a ƙara masa s. A bakin ma'aikatan laburare da na gidajen adana tarihi, yana nufin ƙananan takardun da ake bugawa ko rubutawa domin biyan bukatar wani lokaci, ba da niyyar a ajiye su ba: tikitin jirgi, rasidi, katin gayyatar biki, takardar talla, fostar zaɓe, kalanda, jadawalin taro, takardar da ake naɗe sabulu. Wannan ma'ana ta kafu sosai a ƙarni na 20. A 1962 John Lewis ya fitar da littafi a kan irin waɗannan bugaggun takardu, a 1975 kuma Maurice Rickards ya kafa ƙungiyar masu tara su da nazarinsu a London. A ƙa'idojin ajiye fayil na ƙasashe da dama kuwa, idan aka sa takarda a wannan aji, to an ba da izinin hallaka ta ke nan ba tare da neman yardar kowa ba. Kalma ɗaya, amma wani da ita yake tarawa, wani da ita yake ƙonewa.

Wane ne ya fi gaskiya a cikinsu? Tarihi ya ba da shaida mai ƙarfi. A 1640, lokacin da rikici ya fara tsananta tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisar dokokin Ingila, wani mai sayar da littattafai a London, George Thomason, ya shiga tara duk wata ƙasida da takardar labarai da ta fito, ta masu goyon bayan sarki da ta abokan gabansa, yana rubuta kwanan wata da hannunsa a kan da yawa daga cikinsu. Bai daina ba sai 1661, bayan an yi yaƙin basasa, an fille wa sarki kai a 1649, an kuma mai da sarauta. Ya tara guda kusan 22,000. Ya mutu a 1666 bai sami mai saye ba. Sai a 1762 Sarki George na Uku ya mallaka su ga gidan adana kayan tarihi na Birtaniya. Yau ba mai rubuta tarihin wancan yaƙi bai bi ta kan tarin Thomason ba, kuma da yawa daga takardun babu kwafinsu ko'ina sai a cikin tarin.

Misali na biyu daga Masar yake. A lokacin sanyi na 1896 zuwa 1897, wasu matasa biyu daga Jami'ar Oxford, Grenfell da Hunt, suka fara tonon jujin wani tsohon gari mai suna Oxyrhynchus, inda ake kira Bahnasa a yau, kimanin kilomita 160 kudu da Alƙahira. Rashin ruwan sama ya sa takardun da mutanen garin suka zubar tun zamanin Girkawa da Rumawa ba su ruɓe ba. An kwaso gutsattsari wajen 500,000, kuma tun 1898 ake buga su juzu'i bayan juzu'i, har yau ba a gama ba. An sami ɓatattun rubuce-rubucen adabi a ciki, amma mafi yawa rasidan haraji ne, da yarjejeniyar haya, da ƙorafe-ƙorafe zuwa ga hukuma, da wasiƙun iyali, da gayyatar cin abinci. Daga waɗannan ne aka san farashin alkama da ladan leburanci da yadda ake aure da saki a ƙarƙashin mulkin Rum, abubuwan da marubutan tarihin sarakuna ba su ga sun isa a ɓata musu tawada ba.

Akwai wata igiya da ta haɗa wannan juji da Ingila. Wani mai suna John Johnson, wanda aka haifa a 1882, ya yi irin wannan tono a Masar a ƙuruciyarsa, daga baya ya zama shugaban maɗaba'ar Jami'ar Oxford daga 1925 zuwa 1946. Tonon ya sa ya tambayi kansa, idan sharar mutanen dā tana da wannan daraja, me ya sa ake zubar da ta yau? Sai ya shiga tara tikiti da takardun talla da jerin abincin otal har ƙarshen ransa a 1956. A 1968 aka mai da tarin nasa babban laburaren Bodleian, inda yanzu yake da takardu fiye da 1,000,000.

Dalilin da ya sa irin waɗannan takardu suke da nauyin shaida ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya zauna rubuta littafi ya san za a karanta shi bayan ransa, saboda haka yakan gyara rawaninsa kafin ya fito. Mai rubuta rasidi kuwa ba ya tunanin jikoki. Kuɗin da ya karɓa yake rubutawa, da ranar, da sunan mai biya. Ba wai ba a ƙarya a takardun yini ba, fostar zaɓe kaɗai ta isa ta ƙaryata mai wannan da'awa. Amma ƙaryar da ke cikinta domin mutanen ranar aka shirya ta, saboda haka ita kanta tana nuna abin da mutanen ranar suke so su ji, da abin da suke tsoro.

Wannan magana ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta. Mai saye ya karanta, ya ba maƙwabci, daga ƙarshe ta faɗa hannun mai tsire. Amma mai son sanin yadda rubutacciyar Hausar boko ta daidaita, ko abin da malaman makaranta da ma'aikatan En'e suke kuka a kai kafin samun mulkin kai, shafin wasiƙunta zai nufa. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, an buga ƙananan jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya. An kafa NEPU a 1950, ita da NPC kuma sun watsa takardu da katunan jam'iyya da waƙoƙi bugaggu, da boko da ajami, har zuwa zaɓen 1959 da bayansa. A 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Kafin nan, rasidin haraji takarda ce da magidanci ba ya rabuwa da ita idan zai yi tafiya, domin rashinta yana iya jawo masa kamu. Tambayar da ya kamata kowane mai sauraro ya kai gida ita ce, a cikin tsohuwar adakar gidansu, guda nawa suka rage? Gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa da aka kafa a 1970, suna riƙe da abin da hukuma da manya suka rubuta. Abin da ya shiga aljihun talaka kuwa, sai abin da sa'a ta tsirar.

Har adabi bai tsira daga wannan hukunci ba. Littattafan soyayya da suka fara cika kasuwa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, wasu manazarta sun laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, suna kwatanta su da 'yan ƙasidun kasuwar Onitsha, suna kuma ganin wutar kara ce. A wani ɓangare sun yi daidai, domin takardar ba ta da ƙwari, kuma da yawa bugu ɗaya aka yi musu. Amma kafin a gama gardama, sai ga Graham Furniss da abokan aikinsa sun fitar da jerin sunayen waɗannan littattafai a 2004, daga tarin da aka yi a London. Ba lalle ne littafi ya zama gwanin kyau ba kafin ya zama shaida.

Ma'aikaci mai hankali zai ce, to ai ba a iya ajiye komai. Gaskiyarsa. Ofishin da ba ya zubar da takarda, nan da shekara biyar ba za a sami wurin ajiye kujera ba, gara da ɓeraye kuma su yi aikin da aka ƙi yi. Akwai ma rubutun da amfaninsa yana cikin shafe shi: almajiri yakan wanke allonsa ne bayan karatun ya zauna a ƙirji, domin a sami wurin na gaba. Abin da ake nema kawai shi ne a rarrabe tambayoyi biyu da kalmar takan cakuɗa. Ta farko, domin wane lokaci aka yi wannan takarda? Ta biyu, me za ta iya gaya wa wanda bai ga wannan lokaci ba? Kalmar ephemera ta farkon kaɗai take amsawa. Idan an buga takardar sanarwar rigakafi guda 10,000, ba wanda ya ce a ajiye 10,000. Guda biyu sun isa, a rubuta kwanan wata da wurin da aka raba su a baya, kamar yadda Thomason ya yi, a sa a fayil. Bisa ga haka ne ake ba da shawarar a fassara sunan da "takardun yini". Hausa ta rarrabe yini da kwana, ƙwaron Aristotle kuwa yini ya yi, bai kwana ba. Wannan fassara tana faɗin lokacin da aka yi takarda dominsa, ba ta ce mata banza ba.

Saura magana ɗaya, a kan inda kalmar ta sami sabon gida. Masu ƙera manhajojin waya sun ɗauke ta suna siffanta saƙon da yake share kansa. Snapchat ya fito da wannan salo a 2011, a 2017 kuma WhatsApp ya kawo fasalin da mutum zai ɗora hoto ko rubutu ya ɓace bayan sa'a 24, watau an koma kan ma'anar Girkanci cif-cif. Gayyatar ɗaurin aure, da sanarwar rasuwa, da tallan ɗan takara, waɗanda a dā maɗaba'a take bugawa, yanzu da yawansu ta nan suke bi. Bambancin kuwa babba ne. Takardar Bahnasa sakaci ne ya tsirar da ita: an zubar, an manta, rairayi ya rufe. Saƙon waya ba ya da juji. Akwai wata cibiya a Amurka, Internet Archive, da take kwafe shafukan intanet tun 1996, amma hannunta ba ya kai wa ga abin da ke yawo tsakanin waya da waya. Ko takardar da ta rage a hannu ma ta sake hali. Rasidin da na'urar POS take fitarwa ba tawada a jikinsa. Zafi ne yake baƙanta wani sinadari da aka shafa wa takardar, zafin rana da haske kuma su suke kashe rubutun. Wanda ya ajiye irinsa a aljihun mota da bazara, idan ya ɗauko shi bayan 'yan watanni, farar takarda zai tarar.